Auna fahimta a jarrabawa

Auna fahimta wani sashe ne na jarrabawar harshe inda ake ba ɗalibi guntun rubutu, wanda masana ke kira matani, ya karanta sannan ya amsa tambayoyin da aka ciro daga cikinsa. Manufarsa ita ce a gane ko ɗalibin ya fahimci abin da marubuci ya faɗa a fili, da abin da yake nufi ko da bai furta ba, da kuma yadda ya sarrafa kalmomi da jimloli. A Najeriya wannan sashe yana fitowa a jarrabawar Turanci da ta Hausa da ta Larabci, tun daga jarrabawar shiga sakandare har zuwa ta neman gurbi a jami'a. Babbar ƙa'idarsa ita ce amsa tana fitowa ne daga matanin da ke gaban ɗalibi, kuma kusan duk dabarun da ake koyarwa a kansa hanyoyi ne na kiyaye wannan ƙa'ida cikin ƙurarren lokaci.

Matsayinsa a manyan jarrabawa

Hukumomi uku ne suka fi shafar ɗalibin da ya kammala sakandare. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, an kafa ta a shekarar 1952. Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu an kafa ta a 1978, sai NECO da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna. Akwai kuma NBAIS wadda ke shirya wa ɗaliban makarantun Larabci da na addinin Musulunci tasu jarrabawar.

A jarrabawar Turanci ta WAEC, takarda ta biyu tana ɗaukar awa biyu kuma tana da maki 100. Insha'i na da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa kuma 30. Tun da taƙaitawa ma matani ake karantawa kafin a yi ta, rabin makin takardar ke nan ya rataya a kan iya karatu. Sakamakon da ya kama daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit, kuma jami'o'i na neman kiredit a Turanci kafin su ɗauki ɗalibi. Don haka wanda ya ci sauran darussa da kyau yana iya zama a gida shekara guda saboda wannan takarda kaɗai.

Tsarin JAMB ya bambanta. Tun daga 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda ya zama dole ga kowa, sai 40 a kowanne daga sauran darussa uku. Kowace tambaya na da zaɓi huɗu, daga A zuwa D. Idan aka raba lokacin daidai, kowace tambaya za ta sami daƙiƙa 40 ne kacal, ciki har da lokacin karanta matani.

Yanayin Karaye da Rogo

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Rogo na iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. A Karaye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, haka nan sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar yana Kusalla. Mafi yawan jama'ar yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma harshen gida da na kasuwa Hausa ne, a wasu gidaje kuma Fulatanci.

Wannan ya shafi auna fahimta kai tsaye. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A irin waɗannan garuruwa yaro kan haɗu da Turanci ne a aji kawai, kuma ko a ajin ma sau da yawa malami kan karanta darasi da Turanci ya yi bayani da Hausa. Ɗalibin yana fahimtar darasin, amma bai saba da zama shi kaɗai da shafi guda na Turanci ba tare da mai fassara masa ba, alhali a zauren jarrabawa abin da ake nema daga gare shi ke nan. Ga ɗaliban makarantun gwamnatin Kano akwai ƙarin mataki: jarrabawar kwalifayin da ake yi a aji biyu na babbar sakandare, wadda da sakamakonta gwamnatin jihar ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Ga iyalin da ya dogara da amfanin gona, faɗuwa a nan na iya nufin sayar da buhunan hatsi ko dabba don biyan kuɗin, ko kuma a haƙura.

Amsawa daga matani

Kuskuren da ya fi cin maki shi ne ɗalibi ya amsa tambaya da abin da ya sani a rayuwa maimakon abin da aka rubuta. Ga misalin gajeren matani, an tsara shi da Hausa don a ga yadda abin yake:

"Kafin a datse kogin, da zarar an gama girbi sai matasan ƙauyen su tafi cirani. Yanzu kaɗan ne ke tafiya, domin noman rani ya tsayar da su. Sai dai ba kowa ne ya amfana ba. Waɗanda gonakinsu ke nesa da bakin ruwa ba su da halin sayen injin ban ruwa, saboda haka har gobe damina suke jira. Su dai ruwan ya zo musu har ƙofar gida, amma ya ƙi shigowa."

A ce an tambaya: me ya sa matasa suka rage zuwa cirani? Zaɓin kuma su ne kamun kifi, noman rani, tsadar kuɗin mota, da rashin aiki a birni. Yaron da ya tashi kusa da madatsar Challawa ya san cewa ana kamun kifi a can, wataƙila ma sana'ar gidansu ce, don haka zaɓin farko zai ja hankalinsa. Zancen gaskiya ne a duniya, amma matanin bai ambaci kifi ba ko sau ɗaya. Amsar ita ce noman rani, kuma kalmar "domin" ce ta nuna ta. Masu tsara tambaya suna sanya irin wannan zaɓi da gangan. Wani irin tarkon shi ne zaɓin da ya kwaso kalmomin matani daidai amma ya juya ma'anarsu, kamar a ce "noman rani ya amfani kowa". Wani kuma shi ne wanda ya zarce gona da iri ta hanyar kalmomi irin su "duka", "kullum" ko "ba a taɓa", alhali marubuci cewa ya yi "kaɗan ne ke tafiya", wato har yanzu akwai masu tafiya.

Hanyar kauce wa wannan mai sauƙi ce a faɗa: kafin ɗalibi ya zaɓi amsa, ya iya ɗora yatsa a kan layin da ya goyi bayanta. Idan babu layin, to amsar abar zargi ce komai kyanta.

Tambayoyi ba su zama ɗaya ba wajen nisan amsarsu. Wata malamar ilimi a Amurka, Taffy Raphael, ta fito da wani tsari a shekarun 1980 wanda ke koya wa yara su fara tambayar kansu inda amsa take kafin su neme ta. Wata amsar tana zaune a jimla guda, kamar ta sama. Wata sai an haɗo ta daga wurare biyu ko uku. Wata kuwa marubuci bai faɗe ta ba, ya dai bar alamun da za a gano ta. Idan aka tambayi abin da jimlar ƙarshe ta misalin ke nufi, ba za a sami amsar a rubuce ba. Sai an haɗa ta da jimlar da ta gabace ta kafin a gane cewa ruwan yana kusa da mutanen amma talauci ya hana su cin moriyarsa. A nan tunanin ɗalibi na aiki, sai dai tunani ne da aka ɗaure da abin da ke shafin. Idan kuma aka tambayi irin adon harshen da ke cikin jimlar, mutuntarwa ce, domin an ba ruwa halin mutum na zuwa ƙofa da ƙin shiga.

Wannan ba ya nufin sanin duniya ba shi da amfani. A wani bincike da Recht da Leslie suka wallafa a 1988, an ba yara labarin wasan ƙwallon gora na Amurka su karanta. Yaran da karatunsu ke da rauni amma suka san wasan sun fi tuna abin da labarin ya ƙunsa a kan masu ƙarfin karatu da ba su san shi ba. Ilimin da mutum ya zo da shi yana buɗe masa matani, yana sa ya yi saurin gane inda zance ya dosa. Wurin amfaninsa shi ne lokacin karatu. Da an zo zaɓar amsa, hujja ta koma hannun matani. Abin lura shi ne ɗalibi ya fi faɗa wa tarkon a kan batun da ya fi sani, kamar noma ko kiwo ko addini, domin a nan ne yake ganin ba sai ya sake dubawa ba.

Da me za a fara?

Malamai sun rabu kan ko a fara karanta tambayoyi ko matani. Masu cewa a fara da tambayoyi suna ganin hakan na sa ɗalibi ya san abin da yake nema. Masu ɗaya ra'ayin na ganin wanda ya yi haka yakan koma farautar kalmomi, ya rasa zaren labarin, sannan ya kasa amsa tambaya a kan jigo ko manufar marubuci. Tsarin da ya fi dacewa ya danganta da jarrabawar. A WAEC da NECO, inda ake ware kusan rabin awa ga matani guda, akwai lokacin karanta shi sau biyu: na farko a guje don a san batun, sai a duba tambayoyi, sannan a sake karantawa a natse ana ja wa muhimman wurare layi a takardar tambaya. A JAMB babu wannan sarari, kuma ba a iya ja layi a fuskar kwamfuta. A can ya fi kyau a leƙa tambayoyin ba tare da zaɓinsu ba, a karanta matani sau ɗaya da kyau, sannan a riƙa komawa sakin layin da ya dace. Dabarar dubawa da yin tambaya kafin karatu tsohuwa ce, ta shahara ne tun daga tsarin SQ3R da Francis Robinson ya gabatar a 1946, duk da cewa shi don nazarin littafin karatu ya tsara ta.

Tun da JAMB ba ta rage maki a kan amsar da ba daidai ba, babu dalilin barin tambaya ba amsa. Wanda ya iya fitar da zaɓi biyu da ya tabbata kuskure ne, damarsa ta tashi daga ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin biyu.

Ƙananan kalmomi

Ɗalibai sukan tsorata da dogayen kalmomin da ba su sani ba, amma ƙananan da suke gani kullum su suka fi sauya ma'ana. Mahaɗai irin su however da although da therefore suna yin aikin da "sai dai", "ko da yake" da "saboda haka" ke yi a Hausa. Duk inda marubuci ya ce "sai dai", ra'ayinsa na ainihi yakan biyo baya, abin da ya gabata kuwa shimfiɗa ce. Ɗalibin da ya ɗauki jimlar farko a matsayin matsayar marubuci ya amsa da ra'ayin da aka kawo don a rushe shi.

Korewa ma na da nata wahalar. Hausa na kore zance a fili da "ba … ba" ko "babu" ko "kada". Turanci kuwa na da kalmomin da ke korewa a ɓoye, kamar hardly da scarcely da seldom. Bambancin few da a few harafi ɗaya ne, amma na farko na nufin kusan babu, na biyu kuma akwai 'yan kaɗan. Haka nan tambayar da ke ɗauke da not ko except tana neman zaɓin da bai dace da matani ba, kuma mai gaggawa yakan zaɓi gaskiyar farko da ya gani ya wuce.

Sai wakilin suna. A Hausa kowane suna tilo ko dai namiji ne ko mace, har da abubuwa marasa rai: gida "ya" rushe, mota "ta" lalace. Wannan na taimaka wa mai karatu ya gane wanda ake nufi ba tare da ya yi tunani ba. A Turanci gida da mota da gwamnati da ra'ayi duk it ne, don haka alamar da Bahaushe ya saba dogaro da ita ta ɓace. Idan aka tambayi abin da it ko this ke wakilta, dabarar ita ce a koma baya a ɗauko sunan da ake zato, a sa shi a gurbin wakilin, a karanta jimlar a ji ko ta zauna. Sau da yawa this ba suna ɗaya take wakilta ba, dukan jimlar da ta gabata ce.

Tambayoyin da ake rubuta amsarsu

A WAEC da NECO ɗalibi da hannunsa yake rubuta amsa, kuma masu duba takardu na da ƙa'idojin da ya kamata ya sani. Idan ya ba da amsa biyu ga tambayar da ke neman ɗaya, ɗayar kuma kuskure ce, ba ya samun komai, saboda haka jero amsoshi da fatan a dace asara ce. Ana kuma rage maki saboda kuskuren nahawu a cikin amsa, abin da ya sa gajeriyar amsa ta fi tsawo aminci.

Akwai tambayar da ke zuwa kusan kowace shekara, inda ake zaɓo kalmomi daga matani a ce a kawo wasu da za su maye gurbinsu. Sanin ma'ana kaɗai bai isa ba. Dole sabuwar kalmar ta shiga gurbin tsohuwar ba tare da an taɓa sauran jimlar ba: aikatau a madadin aikatau kuma a lokaci iri ɗaya, jam'i a madadin jam'i. A misalin da ya gabata, idan aka ce a sauya "tsayar" a cikin "ya tsayar da su", to "zaunar" ta shiga daidai, amma "zama" ba ta shiga ba duk da kusancin ma'anarsu. Wata tambayar kuma ita ce a ciro wani yanki na jimla a nemi sunansa na nahawu da aikinsa. Abu na farko da ake dubawa shi ne ko yankin na ɗauke da aikatau mai nuna lokaci. Idan yana da shi ganga ce, idan babu yankin jimla ne. Daga nan sai a duba ko aikin suna yake yi, ko na sifa, ko na bayanau, kuma a faɗi ainihin kalmar da yake bayani a kanta. "Waɗanda gonakinsu ke nesa da bakin ruwa" ganga ce mai aikin suna, ita ce kuma jimlar ke ba da labari a kanta.

A taƙaitawa ana so a amsa da cikakkun jimloli, adadin da aka nema, kowace ɗauke da batu ɗaya. Misalai da ƙarin bayani ba sa shiga. Kwafe jimlolin matani yadda suke ba tare da tacewa ba na jawo asarar maki, kuma shi ne mafakar da mai raunin Turanci ya fi gudu zuwa gare ta, domin yana tsoron nasa kalmomin. Abin da malamai kan ba da shawara shi ne ɗalibi ya ɗauke ido daga shafin, ya faɗa wa kansa batun da Hausa, sannan ya rubuta shi da Turanci mafi sauƙi da ya iya.

Iyakar dabaru

Dabara ba ta maye gurbin sanin kalmomi. Gough da Tunmer sun bayyana a 1986 cewa fahimtar karatu na samuwa ne daga abubuwa biyu da ake ninka su da juna: iya furta abin da aka rubuta, da fahimtar harshen kansa. Idan ɗaya ya zama sifiri, sakamakon sifiri ne. Yaro na iya karanta shafin Turanci da murya ba tuntuɓe amma bai san abin da ya karanta ba, kamar yadda mai karatun allo kan iya biya Larabci daidai kafin ya kai ga sanin fassara. Bincike kan masu koyon harshe na biyu ya ƙara fito da girman abin: Batia Laufer a 1989 ta nuna ana buƙatar sanin kusan kashi 95 cikin ɗari na kalmomin matani, Hu da Nation kuma a 2000 suka kai adadin kashi 98 ga mai karatu ba tare da taimako ba. A matani mai kalmomi 400, kashi 98 na nufin baƙin kalmomi takwas ne kawai. Hasashen ma'anar kalma daga maƙwabtanta yana yiwuwa ne idan maƙwabtan sanannu ne.

Wannan ne ya sa haddace amsoshin tambayoyin shekarun baya ke da ɗan amfani a darussa irin su gwamnati ko tarihi amma ba ya aiki a nan, tun da matanin bana sabo ne. Amfanin tsofaffin takardu shi ne sabo da salon tambaya da gwada kai da agogo. JAMB na sanya littafin labari guda da ake yin tambayoyi a kansa, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi amfani da shi daga 2021, da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba a 2025. Ɗalibai da dama kan tsaya ga taƙaitaccen bayaninsa da ake yaɗawa a waya, alhali ga wasunsu shi ne cikakken littafin Turanci na farko da za su karanta daga farko har ƙarshe.

A jarrabawar Hausa

Ɗaliban da Hausa ce harshensu na gida sukan raina auna fahimta a takardar Hausa, amma ita ma tana da wuraren tuntuɓe. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalma ɗaya a rubuce na iya zama biyu ko uku a baki. "Gari" na iya zama birni ko kuma garin tuwo, "kuka" na iya zama bishiya ko zubar da hawaye ko wakilin suna kamar a "da kuka zo", kuma jimla ce kaɗai ke raba gardama. Matanin kan zo da karin magana da tsofaffin kalmomin sarauta da sana'a waɗanda matasa ba su cika ji ba. Amsa kuma ana son ta da daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojin rubutu: haruffa masu lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ, da raba kalmomi inda ya dace. A nan ɗan Karaye ko Rogo na da ɗan sauƙi a kan ɗan Sakkwato ko Katsina, domin an gina daidaitacciyar Hausa ne a kan karin harshen Kano. Sai dai sauƙin a furuci da zaɓin kalma ya tsaya, ƙa'idar rubutu kuwa kowa koyonta yake yi a aji, kuma wanda ya saba da rubutun saƙon waya yakan haɗe "ya ce" da "shi ne" su zama kalma ɗaya, ko ya rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa".